Abin da Aka Sa a Ƙarƙashin Bargon

Shekara goma sha ɗaya ina aikin wuyan riga da keken ɗinki a unguwar Briqueterie, kuma duk tsawon lokacin takardar siminti nake shimfiɗawa a ƙarƙashin shadda don kada ta tattare. In na gama sai in yage ta, shi ke nan. Kaina ya yi girma, na ɗauka babu abin da ya rage ban sani ba.

Wata safiya wata mata daga unguwar Tsinga ta kawo mini bargo. Ta ce zannuwan mahaifiyarta ne da ta rasu, ta yanyanka ta haɗa, ta sa auduga a tsakani. Fure take so a tsakiya. Ta ce ko ƙyalle ɗaya bai rage mata ba, duk suna nan ciki. Na ce ta dawo jibi, ko kallon kirki ban yi masa ba.

Na sa takardata, na ɗora ƙafa a keke, sai maƙwabcina ya leƙo. Dattijo ne mutumin Garwa, tela, mai yawan sa baki a aikin mutane. Wallahi a lokacin haushinsa nake ji.

Ya murza bargon da yatsu biyu, ya ce, "Ƙanena, wannan atamfar ta sha wanki. In ka ja takarda, da ita za ta taho."

Na ce ba yau na fara ba. Bai yi musu ba. Ya ɗauko tsohon zanen da yake goge kekensa, ya ce in gwada a kai. Na yi ɗan fure, na ja takardar, sai zanen ya dare har baki.

Shi ya koya mini in sa farin akoko mai laushi a ƙarƙashi maimakon takarda, in yi masa ɗaurin zare da hannu, in sassauta ƙafar keke. In na gama kada in ja komai, in bi gefen furen da almakashi a hankali. Aikin awa biyu ya cinye mini yini. Har yau ban gama gode masa ba, ko da yake ranar da ƙyar na iya buɗe baki.

Da matar ta dawo, furen bai dame ta ba. Ta ɗora hannu a kan wani shuɗin ƙyalle da ya koɗe, daidai inda allurata ta fara sauka.

Ta ce, "Malam, da wannan mahaifiyata take goya ni."