Sifikar Ishaya a Kasuwar Yankara

Ishaya Ɗanlahadi mutumin Mabai ne, amma shekara shida ke nan yana zaune a Yankara. Noma ya gada, dawa da masara da waken suya, har lokacin da zuwa gona ya koma sai da addu'a da waige-waige. Sau biyu 'yan bindiga suna koro shi daga cikin masara. Bai tsaya jiran na uku ba. Ya sayar da shanun huɗa, ya kwashi matarsa Tabita da 'ya'ya uku, ya kama shago a bakin kasuwar Yankara, ya buɗe gidan gem.

Kayan shagon ba su da wuyar ƙirge: talabijin huɗu, injin gem huɗu, rimot takwas, ɗaya ma sai an danne shi da ƙarfi, benci uku, fanka biyu, sai sola a kan rufi. 'Yan acaba da masu faci su ne abokan cinikinsa, galibi gem ɗin ƙwallo suke bugawa suna zagin juna. Da wannan shago mutum biyar ke cin tuwo.

Akwai wani Mas'ud, wakilin ƙungiyar masu sana'ar gem ta ƙasa a shiyyar Funtuwa. Sau uku yana zuwa da babur da takarda a jaka. Yakan ce ƙungiyar ta haɗa masu ƙera gem da masu shigo da shi da masu gidajen bugawa, tana wayar da kai kan shekarun da suka dace da kowane faifai, kuma ita ke tsaya wa 'yan sana'a gaban hukuma.

"Ƙungiya ta mi?" in ji Ishaya. "Ni da bencina uku? Ku tahi can Legas ku yi taronku."

Takardar ma tagar da ta fashe ya liƙe da ita.

Sai ga Ishaya bana ya sayo sifika, ƙatuwa, ta kai masa ƙugu. Dabararsa mai sauƙi ce: ranar kasuwa a ajiye ta bakin ƙofa, baƙi su ji, su shigo. Da ranar ta zo, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, kasuwa ta cika maƙil, samari biyu suka sa gem ɗin yaƙi. Ishaya ya murɗa sifika har ƙarshe.

A wani garin, hayaniya ce kawai. A Yankara kuwa, inda kowa ya san ƙarar bindiga kamar muryar maƙwabcinsa, ba wanda ya tsaya tambaya. Cikin minti huɗu kasuwa ta watse. Tumaki goma sha ɗaya suka tsinke, buhun barkono biyu suka kife, wani mai nama ya tsere da wuƙarsa ya bar cinya a kan tebur. 'Yan sintiri shida suka dira ƙofar shagon da bindigogi a ɗane, suka tarar da samari biyu riƙe da rimot, baki buɗe. Ba a yi dariya ba, domin Inna Adama mai daddawa ta faɗa kwata garin gudu, hannunta na dama ya karye.

Mai unguwa, Malam Yahya, da kansa ya garƙame shagon da kwaɗonsa. Ya ce a zo zaurensa nan da kwana uku bayan la'asar. In bai gamsu ba, an rufe ke nan har abada.

Ishaya ya zauna a tsakar gida ya kasa ko shan kunu. Gona ba ta komuwa, shanu sun tafi.

"Kira mutumin nan mai takarda," in ji Tabita.

"Wanda na kora sau ukku?"

"Korar shi ka yi, ai ba kashe shi ka yi ba. Lambarshi tana jikin tagarka, ana ganinta ta waje."

Mas'ud ya zo washegari. Ya ce, "Kai ba ɗanmu ba ne, Ishaya. Amma daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa gidan gem goma sha bakwai gare mu. In naka ya tahi haka, sauran masu unguwanni sun samu hanyar garƙame namu. Tashi, gidan tsohuwar nan za mu fara."

Suka same ta an ɗaure hannun da karare.

"Kai ne ɗan bindigar?" ta ce.

"Ni ne, Inna. Ki yahe mani."

"Ka ga wai! Shekara nawa ina tsere ma na gaske, sai na cikin akwati ya kada ni."

Ranar zama, mai unguwa ya sa aka ɗauko faifan Ishaya ashirin da uku daga shago, Mas'ud ya shimfiɗa su a kan tabarma. Ya nuna wa dattawa 'yar lambar da ke kusurwar kowane kwali: uku, bakwai, sha biyu, sha shida, sha takwas. Wannan, in ji shi, shekarun wanda ya kamata ya buga ne, kuma duk ɗan ƙungiya yakan sa hannu cewa zai kiyaye. Ishaya ya sunkuyar da kai. Shekara shida yana kallon lambobin, bai taɓa tambayar na mene ne ba.

Malam Yahya ya juya kwali ɗaya a hannunsa. "To, ɗan samari, na ji. Amma Adama shekararta saba'in. Ta wuce sha takwas ɗinku sau nawa? Lambar ta hana ta karyewa?"

Mas'ud ya duba takardarsa gaba da baya. Shafi huɗu ne, ba layi ɗaya da ya san da garin da ake harbi da gaske. Ya ce, "Ranka ya daɗe, babu wannan a ciki. Waɗanda suka rubuta ba su taɓa cin kasuwar Yankara ba. Ku hwaɗa, in rubuta, in kai taronmu na ƙasa da bakina."

Kafin a ce komai, Ishaya ya matso. Ya ware faifai tara, duk masu harbi, ya tura su gaban mai unguwa. "Baba, waɗannan su zauna wajenka. Sifikar kuma na ba 'yan sintiri su riƙa shela da ita."

Dattawa suka yi ta magana har kusan magariba. Aka tsaya kan abu uku: ba gem ɗin harbi, ba yaro lokacin makaranta ko Islamiyya, kuma shago a rufe duk ranar kasuwa har hannun Inna Adama ya warke. Ishaya ya sa hannu a takardar ƙungiya a nan kan tabarmar, gida na goma sha takwas. Malam Yahya ya miƙo mabuɗi.

Mako biyar ke nan yanzu. Kwana shida shago na buɗe, benci uku a cike. Ranar kasuwa kuwa, in kana neman Ishaya, yana rumfar masu daddawa a bayan tire, Inna Adama na gefe da hannu a maƙale a wuya tana yi masa faɗa, wai yana cika wa mata gyara kamar kayan ubansa.