Tsohon da Aka Ce Ya Sayi Tikitin Dutsensa

Duk safiyar sanyi, kafin tumaki su motsa a garke, Ntate Mokhele, wato Baba Mokhele a harshenmu, ya riga ya ci tuwon masara da madara, ya ɗaura bargo, ya saɓa katakansa biyu na zamiya a kan ƙanƙara a kafaɗa. Shekara arba'in da ɗaya shi ne mai fara saukowa daga ƙolin dutsen Mahlasela kafin a buɗe wa baƙi filin wasan ƙanƙara. A hankali yake saukowa, yana ƙwanƙwasa dusar ƙanƙarar da sanda, yana saurare. Inda ta yi ƙarar fasasshiyar tukunya, akwai dutse a ƙasa, sai ya kafa jan ƙyalle. In ya gama, ya kama igiyar da ke jan mutane zuwa sama, ya sake saukowa sau ɗaya don kansa, kamar shaho ya hango ɗan tsako. Wannan saukowa ta biyu ita ce rayuwarsa.

Ni shaida ne. Shekarar da ƙanƙara ta toshe hanya kwana shida, babbar motata ta maƙale gaba da Oxbow, mu huɗu, ba gari ba kananzir. Rana ta uku sai ga shi ya gangaro mana daga inda ko doki bai iya bi, buhu goye a baya.

"Ntate direba," in ji shi, "kai da kake cika baki motarka ƙafa goma gare ta, ga mai katako biyu ya kawo maka tuwo."

To, bana aka sallame shi. Sabon manaja, ɗan birni daga Maseru, ya tara ma'aikata, ya yi jawabi, ya yafa masa sabon bargo. Da layukan bargon a kwance ya yafa! Wace uwa ce a ƙasar nan ba ta koya wa ɗanta cewa layin bargo tsaye yake tafiya, in an kwantar da shi an kwantar da arzikin mai shi? Mata suka kama baki. Tsohon ya juya bargon, layukan suka koma tsaye, ya yi godiya. Kafin a watse kuma aka karɓe katin da ke wuyansa, wanda da shi yake hawa igiya.

Washegari ya zo kamar kullum. 'M'e Mapalesa, wato Inna Mapalesa, mai sayar da tikiti, ta kasa kallonsa.

"Ntate, an ce ba tikiti ba hawa. Bari in yanka maka daga aljihuna."

"Ɗago kanki, 'M'e, ba ke kika kashe zomon ba, rataya aka ba ki. Amma makiyayi ba ya sayen ƙofar garkensa."

Ya bi hanyar tumaki da ƙafa. Awa biyu, mai shekara sittin da bakwai, da gwiwar da likita ya ce a lallaɓa. Kuma da ya isa ƙoli bai sauko don kansa ba sai da ya gama kafa jan ƙyallensa, alhali ba wanda ya sa shi. Manaja ya ce ai akwai injin da ke baje ƙanƙara. Injin kunne gare shi? Kwana takwas tsohon yana hawa haka, gwiwar na ƙara kumbura, kowa ya san ba za ta kai ƙarshen sanyi ba.

Rana ta tara gwiwar ta hana shi tashi. 'M'e Mapalesa ta duba gangaren, ba jan ƙyalle ko ɗaya, ta rufe tagar tikitinta. Baƙi suka yi layi, manaja ya taho a guje.

"Wa ya ba ki izini?"

"Ban san inda duwatsu suke ba, Ntate manaja. Ga katako nan, sauko mana sau ɗaya ka gwada, sai in buɗe."

Manaja ya dubi gangaren, ya dubi takalminsa mai sheƙi. Kafin azahar aka aika wa tsohon da kati har gida. Kun san me aka rubuta a kai? Baƙo, na bana kaɗai. Baƙo! Mutumin da ya san kowane dutse a wurin tun manaja bai yi haƙori ba.

Ntate Mokhele, kai ne kunnen dutsen nan. Ƙafafu nawa ke tafiya yau a Butha-Buthe da Johannesburg ba su karye ba saboda ƙyallenka, masu su ko sunanka ba su sani ba. Mun gode, ni da cikina da ka ciyar a Oxbow.

Ku kuma matasa, ku bi shi ku koyi sauraron ƙanƙara tun yana iya hawa. Tsohon ya koma kan igiya ranar Litinin, katin a wuya. Ya juya katin, rubutun Baƙo ya koma ciki, kamar yadda ya juya bargon.