Jemar da Gado Ya Dasa Mini

Wata rana wasu baƙi huɗu suka tsaya da mota a ƙofar masaukina. Na fito da fara'a har kunne, na sa aka kawo musu kujeru, har na fara zaɓa musu ɗakuna a raina.

Sai babbansu ya ce don Allah in nuna musu inda ake hawa kwalekwale zuwa wurin Gado.

Gado ƙanena ne. Uwa ɗaya, uba ɗaya.

Da baki na nuna musu hanyar, don hannuna ƙin ɗaguwa ya yi.

Bari in warware muku yadda abin yake.

Ni ina da masaukin baƙi a cikin gari, a ƙasar Yawuri, ba nisa da bakin kogin Kwara. Ɗaki goma sha biyu, tayil har banɗaki, ga talabijin, ga janareto mai ƙarar da ake ji har layi na uku. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, kuma ina ganin ba wanda zai koya mini ita.

Shi kuwa Gado, can ya tafi wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar ruwa, irin wanda mu a nan muke kira gungu. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce a kwalekwale mai inji. Mahaifinmu ya bar mana gona a wurin, aka raba mana ita biyu. Ni ko leƙa tawa ban taɓa yi ba.

A tasa ya gina ɗakuna biyar na jar ƙasa, ya yi musu rufin ciyawa, ya ce wai masauki ne.

Ranar da na ji, na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce wa matata wane mai hankali ne zai bar ɗaki mai sanyin esi ya tafi kwana a bukka.

To, sun tafi. Ta ƙofata ma suke wucewa.

Malaman jami'a, likitoci, masu ɗaukar hoton tsuntsaye, har da Turawa masu jan hanci. In sun dawo kuma nan suke tsayawa shan lemo a wurina, su ishe ni da labarin Gado kamar ni na tambaye su.

Wai babu janareto, hasken rana yake tarawa. Wai ruwan shansa a randa yake tace shi da yashi da gawayi, kuma ya fi na leda daɗi. Wata likita ta kusa rabin awa tana yaba mini yadda ruwan wanka ke bin ɗan kwalbati ya tafi gindin ayaba. Ruwan wanka fa. Ni da na sa wa kowane ɗaki shawa, ba wanda ya taɓa ce mini sannu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dokarsa. Leda ko robar ruwa ba ta kwana a gungun. Duk wanda ya shiga da ita, da ita zai fito. Ni baƙo in na ce masa kada ya zubar da shara a tsakar gida sai ya harare ni. Shi Gado yana kafa wa manyan mutane doka, suna bi suna murmushi, suna ɗaukar hoto da shi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, hassada na yi. Ba 'yar ƙarama ba kuwa.

Yaron da ni na koya wa hawan keke. Yaron da sai da na riƙe masa hannu ya iya rubuta sunansa. In aka yabe shi a gabana sai in yi maza in canza magana. Na sha gaya wa baƙi cewa akwai sauro a can kamar ƙasa, ko in ce ruwa ba shi da kyau yau, gara su kwana. Su yi godiya, su wuce.

Bayan tafiyar waɗancan baƙi huɗu na yanke shawara. Na ce ai ni ma ina da fili a gungun. Zan je in nuna masa yadda ake masauki.

Filina shi ne kan gungun, wato inda ruwa ke fara dukan ƙasa in ya taho. Da na je na tarar duk bakin gaɓar ya cika da jema, ciyawar nan da ake saƙa zana da ita, ta kai ƙirjin mutum. Ga wasu tsofaffin bishiyoyin giyayya guda shida sun tare gaban. Ta wajen Gado ma haka yake, shi har ƙarawa ya yi, ya dasa jemar layi-layi ya kewaye gidansa.

Na ce ka ga ƙauyanci. Baƙo ya biya kuɗi ya zo ganin ruwa, ka tare masa ido da ciyawa.

Na ɗauko ma'aikata daga gari. Cikin kwana huɗu muka nome jemar nan tas, har saiwa, muka sare giyayyun. Na sa aka kawo farin yashi aka baza, wurin ya fito kamar hotunan da nake gani a waya.

Gado ya zo tun ranar farko. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya roƙe ni in bar jemar ko da layi biyu ne, ya ce saiwarta ce ke riƙe da ƙasar.

Kun san abin da na ce a raina? Na ce lallai, tsoro ya kama yaro. Baƙin ciki yake yi mini.

Ni, nake zargin wani da baƙin ciki.

Na gina ɗakuna shida na bulo da siminti, dab da ruwa, yadda mutum zai buɗe taga ya ga Kwara. Na ɗora kwano mai sheƙi. Na sa aka tsallako da janareto, sai da mutum takwas suka kama.

Baƙi sun zo, ba laifi. Sai dai da rana ɗakunan kan yi zafi kamar tanda, in an kunna janareto kuma su ce ƙara ta kori tsuntsaye. Da yamma sai in ga suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, sun tafi cin tuwon shinkafa da miyar kifi a wurin Gado. A ɗakina suke kwana, hirarsu a gidansa.

Na ce ba komai, za su gane.

Sai damina ta raba tsakiya, ruwa ya fara cika.

Farin yashina ya fara tafiya. Ban damu ba, na ce a ƙaro wani. Bayan sati biyu gaɓar ta fara zubewa gutsure-gutsure, kullum da safe sai in tarar ruwa ya matso da taku ɗaya ko biyu. Na zuba buhunan yashi, ya kwashe. Na sa aka yi katangar siminti, ya bi ta ƙarƙashinta ya kwantar da ita.

Wata Laraba da hantsi, ina tsaye ina kallo, ɗakin farko ya tsage daga sama har ƙasa, ya sunkuya, ya faɗa ruwa da gadonsa da labulensa. Allah ya sa babu kowa a ciki.

Kafin ruwa ya tsaya ya ci na biyu. Tsakanin ɗaki na uku da bakin rami, taku bakwai ya rage. Na auna da ƙafata.

Na leƙa wajen Gado. Ruwa ya hau har cikin jemarsa, ya kwantar da ita, ya janye, ta miƙe abinta. Ko taku ɗaya bai rasa ba.

Da mutum ne mai hankali, a nan zai je ya ba da haƙuri. Ni ƙara jin haushinsa na yi. Na rufe wurin, na koma gari, na daina ɗaga wayarsa. Ko a sallah da muka haɗu gidan Inna, hannu kawai na ba shi na juya.

Amma taku bakwai ɗin nan bai bar ni na huta ba. Na san ruwan baɗi zai ƙarasa sauran ɗakuna huɗun, kuma duk abin da na tara a shekara goma sha ɗaya a cikinsu yake.

Da aka yi ruwan farko na shekarar da ta biyo, na tsallaka don in cire ƙyamare da tagogi, in tsira da abin da zan iya.

Ina isa na tarar da mutum a bakin ramin, ya naɗe wando har gwiwa, laka har fuska. Gefensa ga tarin jema, ba ƙananan tsiro ba, manyan gindi ne da ƙasarsu, kowanne sai an rungumo. Ya riga ya dasa layi ɗaya da rabi.

Gado ne.

Na ce, "Mi kaz zo yi? Dariya?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Dashe, Yaya. Miƙo min wancan gindin."

"Wa yas sa ka?"

"Ba kowa. Gungun ga guda na, Yaya. Ruwa bai san naka da nau ba."

Na tsaya kamar an dasa ni. Can na tuɓe takalmi na miƙa masa gindin.

Kwana tara muka yi muna dashe, layi huɗu, da turaku da buhuna a bayansu. Ba mu yi wata hira ba. Kullum da safe zan tarar da sabon tarin jema yana jira, ban kuma taɓa tambayar inda take fitowa ba. Gaskiya ma, a raina cewa na yi ai don kansa yake yi, tunda ya faɗa da bakinsa. Wannan tunanin ya yi mini daɗi, don ya sauƙaƙe mini godiya.

Damina ta yi kyau, jemar ta kama. Ruwa ya zo da ƙarfinsa kamar bara, ya hau, ya yi ta duka, ya janye.

Na tsallaka da zuciyata a hannu. Na auna. Taku bakwai, yana nan yadda yake.

Na yi hamdala, na shiga kwalekwale zan koma. Mai tuƙa ni Baba Na'Allah ne, wani dattijon Basarke, masunci, da ya fi shekara arba'in yana bin ruwan nan. Maimakon ya miƙe, sai ya karya kan jirgin ya bi ta gefen Gado, ya rage inji.

Na duba, na sake dubawa.

Ɗakuna uku na gani. Inda biyun suke, rami ne da ruwa ke juyawa a ciki. Rabin lambun ayaba babu. Layukan jemar da suka kewaye gidan duk sun zama giɓi-giɓi.

Na ce, "Baba, mi yaf faru nan?"

Ya dube ni ya ce, "Alhaji, jemar da kunka dasa, ka aza daga sama taf faɗo? Ta gidanai ta. Shekara bakwai yana renonta. Na ce mai ya tsaga ƙanana ya ba ka, yac ce ƙanana ba su kamawa kahin ruwa ya zo."

Ya ƙara wa injin wuta. 

Jama'a, shekara huɗu ina fatan in ga wani abu na yaron nan ya rushe. Na sha kwantawa ina hasko shi. Ranar da na gani da idona, kuka na yi a gaban dattijo, da gemuna da komai.

Na ce a mayar da ni. Na tarar da Gado yana kwaɓa ƙasa zai sake gini, can baya nesa da ruwa. Na shirya magana mai tsawo a hanya, da na tsaya a gabansa duk ta gudu. Ya ce in ba wani abu nake yi ba, in taya shi ɗebo ruwa.

Na ɗauki bokiti.

Yau ɗakuna huɗun nan nawa suna nan, na cire kwanon na sa ciyawa, janareton kuma na mayar da shi gari. Gado ya sake gina ɗaki ɗaya. Na biyun har yanzu bai samu ya yi ba, kuma bai taɓa buɗe baki ya ce ni na jawo masa ba.

Darasi: Hassada takan sa ka ji gargaɗin mai ƙaunarka kamar zagi. Kafin ka tumɓuke abin da ka tarar a wuri, tambayi abin da yake riƙewa. Kuma wanda kake kwana kana fatan faɗuwarsa, ta yiwu shi ne ke cire nasa yana tokare naka, kai ba ka sani ba.

In akwai wani naka da ka daina ɗaga wayarsa ba don ya yi maka komai ba, sai don Allah ya ɗaga shi, kira shi yau. Sannan ka tura wa wasu wannan, wataƙila akwai mai irin ciwona a cikinsu.