Katin da Baba Ya Kai wa Sakatare

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da samun ƙarin girma a ma'aikatarmu ba, na shirga wa mahaifina wata ƙarya da ta kusa ja mana abin da ba za mu manta ba. Yanzu da dariya nake ba da labarin, amma ranar kam babu wanda ya ga haƙorina.

Mahaifina ɗan kasuwar kayan marmari ne a Zuba. Lemo da kankana, su ya sani tun kafin a haife ni. Inshorar lafiyar da muke da ita ta wurin aiki kuwa ni da maigidana da yara kawai ta ɗauka, iyaye ba sa ciki. Da na ga shekaru sun fara ja masa, ga shi har lokacin yana cicciɓar buhu idan 'yan dako sun yi masa nawa, sai na ce bari in yankar masa ta kamfani, irin wadda ake biya duk shekara. Ranar da na kawo maganar bai bari na kai ƙarshe ba.

"Uwata," haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "ina zaune lafiya ƙalau sai in ɗauki kuɗi in ba wasu su zauna jiran ranar da zan kwanta? Ai wannan kiran ciwo ne. Allah Ya sawwaƙe."

To taurin kan nan a wurinsa na gada. Na bari aka yi sati biyu, sannan na ce masa an fito da sabon katin ƙungiyar 'yan kasuwa mai hoto, a cikin gari ake yi, kuma na san wani a ofishin, ba sai ya bi layi ba. Bawan Allah ya sa babbar riga, ya kafa hula, muka je aka ɗauke shi hoto ya dangwala hannu. A hanyar dawowa har albarka ya sa mini. Na ce amin, ko kunya ban ji ba.

Shekara uku ina biya a ɓoye. Kowace shekara sai kamfanin ya turo saƙo mai daɗin baki cewa saboda halin da ake ciki sun ɗan yi ƙari. A ta ukun ƙarin ya kusa ninka kuɗin. Sati guda na yi ina masifa, ina cewa tsohon nan ko mura bai taɓa yi ba, ni kuma ina ta ƙona albashina. Sai da maigidana ya gaji ya ce ko in biya ko in bari, amma don Allah in bar kunnensa ya huta. Na biya ina tsaki.

Ba a yi wata biyu ba, wata Asabar da hantsi, matar Baba ta kira ni tana kuka. Tun asuba yake amai, cikinsa ya ɗaure, ya kasa miƙewa. Muka ɗauko shi sai asibitin da aka rubuta masa a inshorar. Likita ya duba ya ce ƙaba ce, da alama ya daɗe yana ɓoye ta, yanzu hanji ya maƙale. Tiyata za a yi, kuma yau, don idan aka ja lokaci hanjin zai iya lalacewa.

Na tafi wurin masu karɓar kati da ƙarfin gwiwata, na ce yana da inshora. Matar da ke wurin ta miƙo hannu.

"Madam, kawo kati."

Na ce ba ya hannuna.

"To lamba fa? In babu kati babu lamba, sai ki ajiye kuɗi tukuna. Ba ni na sa doka ba, oga ne."

Lambar tana cikin tsohuwar wayata da ta faɗa ruwa tun bara. Layin kamfanin kuma ranar Asabar sai kiɗa yake sa mini. Kuɗin da ta ambata ko rabinsu ba ni da su a ranar. Na koma wurin Baba, yana kwance a kan benci ya dafe ciki, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Na durƙusa na ce, "Baba, katin nan da aka ɗauke ka hoto, yana gida?"

"Na ƙungiya? Yana wurin sakatare mana."

Ashe su a ƙungiyarsu ba wanda yake riƙe katinsa. Duk a wurin sakatare ake tarawa, ya ɗaure da roba ya kulle a akwati, don kada su jiƙe ko su ɓace wurin sauke kaya. Da na ba Baba katin, washegari ya kai shi can. Shekara uku ina biyan kuɗi, kati yana kwance a Zuba cikin katunan masu lemo.

Na ce ya ba ni lambar sakataren. Duk da ciwon nan sai da ya buɗe ido ya dube ni. "Me ya haɗa katin kasuwa da asibiti?"

Nan fa na rasa hanyar fita. Na san halinsa, zai iya cewa a mai da shi gida, bai yarda a yanka shi da kuɗin da aka tara da ƙarya ba. Wallahi tsoron wannan ya fi tsoron kuɗin kama ni. Na sunkuyar da kai na faɗa masa komai, tun daga hoton har ƙarin kuɗin bana, hawaye na zuba kamar ƙaramar yarinya.

"Wato shekara uku kina biya wa ciwona kuɗin mota," in ji shi a hankali. "To ga shi ya iso. Ɗauki wayata a aljihu, ki kira sakataren."

Ban san lokacin da na yi dariya cikin kuka ba.

Sakataren, wani dattijo mai jan gemu, bai tsaya neman katin ba. Ƙunshin gaba ɗaya ya zuba a leda ya hau mashin. Kafin azahar ya iso, muka baje katunan a kan teburin matar nan, duk suna ƙamshin lemo, muna tonawa. Da na zaro na Baba sai sakataren ya ce, "Hajiya, ni da ma na ga bai yi kama da namu ba. Amma Alhaji ya ce sabon fitowa ne, 'yarsa ce ta yi masa hanya. Har mutum uku sun ce in tambaye ki ko za ki yi musu."

Matar ta buga lambar, ta kira wani, ta jira, ta sake kira. Can ta ɗago ta ce, "Ya shiga." Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Kafin la'asar an fito da Baba daga tiyata, likita ya ce an ci sa'a, hanjin bai taɓu ba. Na samu gefe a barandar asibitin na zauna a ƙasa, ba abin da nake iya faɗa sai alhamdu lillahi.

Har yau ina biya, har yau suna ƙarawa, har yau ina masifa, sai dai yanzu katin yana jakata. A ofis idan aka tayar da gardamar ko gwamnati ce ya kamata ta ɗauki nauyin lafiyar kowa, da can nakan ce ina ruwana, kowa ya yi ta kansa. Yanzu ba na iya faɗar haka. Ban san yadda za a tsara abin ba, ba fannina ba ne. Na dai san katunan da muka baje a teburin nan duk na mutane ne masu ɗaga buhu kamar Baba, kuma guda ɗaya ne kawai a cikinsu zai buɗe ƙofar tiyata.

Ranar da aka sallame shi, muna cikin mota na ce ya yafe mini. Ya juya yana kallon titi. Sai ya fara ba ni labarin maƙwabcinsa na rumfa, mai sayar da abarba, wanda irin wannan ciwon ya kama. Kwana biyu 'yan kasuwa suna haɗa masa kuɗin aiki, ranar da suka cika da safe ya rasu.

"Na yafe miki, Uwata," ya ce. "Shi ba shi da 'yar da za ta yi masa ƙarya."