Ranar da Hajiya Ta Taka Birki

Cikin abubuwan da suka same ni da mota, akwai guda da ba na jin zan manta da shi har in koma ga Allah. A da, in ƙarfe ya gaji akan kwance shi a wanke, a mayar. Haka na tarar a Kwatano da Khartum da Abijan lokacin da nake fatauci. Yanzu kuwa da ka kai mota, sai bakanike ya ce a jefar a sayo na Beljiyam, wato na hannu daga Turai.

A shekarar, ruwan damina ya kwanta a layinmu na Fagge, birkin gaba na tsohuwar motata ya riƙe. Kalifa ce ta yi tsatsa, wato ƙarfen nan da ke matse faifan birki in an taka. Ga shi ranar Litinin za mu je Jos mu ɗauko 'yarmu goyon ciki, haihuwar fari, kuma hanyar akwai gangara mai ban tsoro. Sai na ce ni zan gyara da hannuna.

Robobin ciki ne suka yi wuyar samu, don an daina yayin motar. Na nufi Sabon Gari wajen wani tsohon abokina Ibo, haifaffen unguwar, wanda ya bar wa 'ya'yansa shagon kayan mota. Na gaishe shi da harshensu, ya amsa da Hausar da ta fi tawa daɗi, ya ce in daina wahalar da bakina. Ya tono robobin daga wani kwali a gidansa, ya ce gobe in an tashi daga coci zai leƙo.

Ranar Lahadi da hantsi na kwance kalifa biyun, na fitar da fistin, na goge tsatsar, na sa sababbin robobi da man birki, na mayar. Saura fitar da iska, aikin da mutum ɗaya ba ya yi: dole wani ya riƙa taka birki, wani yana kwance ɗan noti a ƙasa. Babu kowa a gidan sai matata Hajiya, wadda tun aurenmu ba ta taɓa zama a kujerar direba ba. Ta gyara mayafi ta shiga tana cewa in motar ta tashi da ita, ni zan yi wa danginta bayani.

Ina cewa taka, riƙe, saki, tana yi. Da na ga mai yana fita ba kumfa, na ce an gama. Ta ƙi fitowa.

"Alhaji, abin nan lumewa yake kamar na taka katifa. Haka yake?"

Na ce sabon gyara haka yake, zai zauna a hanya. Ta ce ita ba ta san mota ba, amma 'yarta ba za ta shiga abin da ƙafa ba ta yarda da shi ba. Muna cikin haka abokina ya iso da fararen kayan coci. Ya saurare ta, ya durƙusa ya leƙa bayan taya, sai dariya ta kama shi.

"Ka zaga duniya, amma hagu da dama sun gagare ka."

Ashe na musanya su, ta hagu na ɗaura a dama. Sun zauna daram, sai dai notin fitar da iska ya koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa, don haka ko kwana muka yi ba za ta fita ba. Ya ce shi ma ya taɓa yi yana saurayi. Ya naɗe hannun riga muka sake ɗaura su, kayansa suka yi baƙi, ya ce kuɗin wanki a wuyana. Hajiya ta taka, ta sake takawa, sannan ta ce yanzu ya tsaya mata kamar dutse.

Washegari a hanyar dawowa, a gangarar nan, wata babbar mota ta ci birki a gabanmu ba zato, 'yarmu na kwance a baya. Na taka, mota ta tsaya. Sai na ji Hajiya tana hamdala a hankali.

Na gode wa Allah da ya haɗa ni da mutanen nan biyu. Na koyi cewa mai gyara yana ƙasan mota, ba ya jin abin da ƙafa ke ji, dole ya saurari wanda ke kan kujera. Da muka dawo Hajiya ta ce tunda ta san birki, a nuna mata sauran. Yau idanuna sun yi rauni, na ajiye tuƙi, ita ke kai ni asibiti, ita ke kai ni Sabon Gari gaida abokina.