Kujerar Jikin Sifika

Rigimar da Injiniya ya sha kaye a cikinta, da mai ganga ya yi ta. Ana tsakiyar kiɗa a gidan rawa ya miƙe, ya gyara hula, ya je gaban dandamali yana nuna shi da yatsa.

"Kai, yunwa kake ji ne? Dukan ganga ake yi, ba shafa ta ba!"

Mai ganga kuwa gumi ya jiƙe shi sharkaf, kwalabe sai rawa suke a kan tebura. Ya ce, "Baba, in na ƙara a kan haka, gangar nan za ta kai ni ƙara."

"Me ka ce?"

Sai gida ya ɗauki dariya. Ranar kowa ya gane abin da matarsa ta daɗe da sani: kunnen Injiniya ya yi ritaya ba sallama.

Ba injiniyan komai ba ne fa, kada wani ya kai masa mota. Injin niƙa gare shi a bayan kasuwa. Injin ya ciyar da shi, ya aurar masa da 'ya'ya, sannan ya karɓi ladansa da kunnuwa. Duk mako yana nan fari fat da gari kamar fatalwa, ran Asabar sai ya wanke, ya fesa wani turare da ko sauro ba ya jure masa, ya sa matarsa a gaba su tafi jin kiɗa. Rawa kam bai iya ba. In ya taka, sai ka ce kyankyaso yake kashewa.

Da kunne ya tafi, matar ta maye gurbinsa. Tana zaune gefensa, tana buga masa kiɗan da yatsu a kan gwiwa. In an canza waƙa ta mintsine shi. In ya yi kuskuren kallon wata mai rawa, mintsinin ya fi zafi.

Ciwon 'yan kwanaki ya ɗauke matar tasa. Aka ce shi ke nan, an rabu da ƙamshin turarensa. Ina! Bayan wata biyu sai ga shi, ya zauna shi kaɗai, tafinsa a kan gwiwa, yana kallon bakin mawaƙi yana motsi. Matar da ke kawo lemo ce ta kasa jurewa. Ta ce, "Tashi, angona." Ta ja kujerarsa ta jingina da babbar sifikar da ke ƙasa, ta danna kafaɗarsa. Kiɗan ya shiga ta bayansa, ya ratsa haƙarƙari. Ya daɗe bai motsa ba. Da ta ga idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙin taba ne.

Daga nan kujerar ta zama tasa. Ko baƙo ya zauna, masu gida za su tashe shi.

Sai mai gidan rawar ya tsufa, ɗansa ya karɓa. Aka yi fenti, aka sa fitilu masu walƙiya, aka rataye sifiku da sarƙa can a rufi don a samu wurin ƙarin tebura. Injiniya ya zo ya tarar da firji a wurinsa. Ya jingina da shi, sanyi kawai ya ji. Ya lallaba ya ɗora tafukansa a kan katakon dandamali, nan ya ɗan samu abin da yake nema. Masu ɗaukar hoto da waya suka hau ihu wai tsoho ya tare musu. Mai gadi ya ja shi ta hannun riga.

Sifikun ba su sauko ba, shi ma bai sake komawa ba. Amma kafin ya fita ya tsaya gaban sabon mai gidan, ya roƙi a sauko da guda ɗaya tak. Yaron ya sunkuyo, ya kwarara masa a kunne:

"Baba, kai da ba ka ji, ina ruwanka da inda muka ajiye sifika?"

Injiniya ya dubi masu wayoyi, kowa ya ɗaga hannu sama, ba mai ko kaɗa ƙafa. Ya ce:

"Ɗana, duk gidan nan mutum ɗaya ke sauraron makaɗanka, shi ka kora."