Tsakuwar da Inna Ta Wanke da Gishiri

Ƙawata ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki a matatar ruwan datti da ke bayan gari. Mai Tsakuwa muke ce mata. Ni tela ce, ban san kimiyya ba, abin da ta nuna mini da yatsa kawai na riƙe.

Akwai dogayen tankuna huɗu cike da wata tsakuwa mai launin toka da ɗan kore, sunanta ziyolait. Ruwan da ya fito daga gidajen mutane, bayan an tace shi, sai ya ratsa ta cikinta a hankali, ita kuma ta shanye sinadarin taki da ke cikinsa. In ta ƙoshi a kwashe ta, a gasa don kashe ƙwayoyin cuta, a ba masu lambu.

In na kai mata ɗinki da hantsi takan ce, "Ƙawalli, kawo kunnenki. Suna sha."

Sai mu jingina da ƙarfen tanki mu yi shiru. Ƙarar kamar ana ruwan sama a wani gari mai nisa. Hasken da ke tashi daga ruwan yana ta rawa a rufin kwano, ita kuma ta lumshe ido, har sai na taɓa ta.

Damuwarta ɗaya ce a duniya, Inna, mahaifiyarta. Tun da ta kama aikin nan Inna take ƙyanƙyamin hannunta. Ba faɗa, ba gori, amma in ƙawata ta miƙo hannu za ta taya ta girki sai Inna ta ce, "Huta abinki, 'yar nan." Ita kuwa burinta bai wuce Inna ta yarda cewa abin da take yi ba ƙazanta ba ne.

Wata rana ta kawo rabin buhun tsakuwa don bishiyar lemon Inna ta tsakar gida. Inna ta karɓa, ƙawata ta yini tana waƙa. Bayan wata uku ganye ya koma rawaya. Ina wurin ƙawata ta tona gindin, ta ga ƙasar ta yi fari-fari.

"Inna, me kika yi wa duwatsun nan?"

"Wanke su na yi mana. Da ruwan gishiri, sau bakwai, yadda ake wa hanji."

"Wayyo Inna! Ai da ruwan gishiri muke sa su amayar da abin da suka sha. Kin zubar da takin a kwata, kin ciyar da lemo gishiri."

"Yo ni na san tsiyarku? Dutse har da ciki kamar akuya!"

Ƙawata ta yi dariya har da hawaye. Dariyar ta ƙare, hawayen bai tsaya ba.

Bara ciwo ya kwantar da ita a asibiti. Tana tsakanin barci da farke, ba ta da magana sai ta tankunanta, wanne ya ƙoshi, wanne da saura. Ran nan da safe Inna ta zo shagona da mayafinta a karkace, ta ce, "Tashi ki kai ni wurin aikin nan nata."

Wani abokin aikin ƙawata ya nuna mana gasasshiyar tsakuwa, ya miƙo wa Inna safar hannu. Ta ture. Da tafinta ta ɗiba, ta cika leda, muka koma gida ta tona ta zuba wa lemon. Daga nan asibiti muka wuce, ko buta ba ta kalla ba.

Ta zauna a bakin gado, ta buɗe hannayenta biyu, toka har cikin farce.

"Duba nan, 'yar nan. Ban wanke ba."

Ƙawata ta jawo hannun a hankali, ta ɗora a kumatunta, ta shaƙa. Ta daɗe a haka.

"Ta tanki na uku ce," in ji ta.

Kwana huɗu bayan nan ta rasu. Allah ya jiƙanki, ƙawallina, ya sa kin huta.